Me ya haɗa kiɗan rok da wasan Dungeons & Dragons?

Tambaya: Ƙanina yana karatu a Ingila. Da ya zo hutu na ga ya taho da wasu littattafai masu hotunan dodanni da mayaƙa, da 'yan lido masu siffa iri-iri. Kiɗan da yake ji kuma na masu jita ne masu dogon gashi, hotunan da ke bangon faifansu kusan iri ɗaya ne da na littattafan. Ya ce min wasa ne kawai. Me ya haɗa wannan kiɗa da wannan wasa? Ɗaya ne ya haifi ɗaya? Kuma babu tsafi a ciki?

Amsa:

Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba. Kamar da ka gani tana nan, har ma akwai inda mai zane ɗaya ne ya yi bangon littafin labari, aka ɗauki zanen nan nasa aka maƙala a faifan makaɗa. Sai dai ba ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Nono ɗaya suka sha, wato littattafan almara masu araha da suka cika kantunan Amurka da Ingila daga tsakiyar shekarun 1960. Daga baya kuma masu zargi suka haɗa su suka yi musu kuɗin goro, abin da ya ƙara musu danƙo.

Bari in fara gaya maka yadda ake wasan, don mutane da yawa da ke tsoronsa ba su taɓa ganin ana yi ba. Mutum huɗu zuwa shida ne ke kewaye tebur. Ɗaya shi ne mai jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin: wannan mayaƙi, wannan ɓarawo, wannan mai sihiri, wancan mai warkarwa. Kowa da takardarsa a gabansa, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan da yake ɗauke da su, duk da lambobi. Mai jan labari zai ce, "Kun iso bakin wata tsohuwar rijiya, igiyar guga ta tsinke, kuna jin nishin mutum daga ƙasa. Me za ku yi?" Wani ya ce shi zai sauka. Sai a ce ya jefa ɗan lido mai fuska 20. In 15 ta fito, ya sauka lafiya. In 2 ce, ƙafarsa ta zame, labari ya juya inda ko mai jan labarin bai shirya ba. Tatsuniya ce dai wadda masu sauraro ke da ikon cewa Gizo ya bi dama ko hagu. Ba a zuba kuɗi, babu kuma wanda ke cin wani, gaba ɗayansu suke tsira ko su halaka.

Wasan ya fito a 1974. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka tsara shi, aka buga kwafi 1,000 a karon farko daga wani ƙaramin gari, Lake Geneva, a jihar Wisconsin. Gygax magidanci ne a lokacin, ya haura shekara talatin, ya rasa aikinsa na kamfanin inshora a 1970 ya koma gyaran takalma a ɗakin ƙasan gidansa. Shi da Arneson duk sun fito ne daga cikin masu son tarihin yaƙi, waɗanda ke jera 'yan sojojin dalma a kan tebur suna sake buga yaƙe-yaƙen da. Ka ga ba daga dandalin kiɗa abin ya taso ba.

To duba shekarun. Makaɗan rok na Led Zeppelin sun ambaci Mordor da Gollum na labarin Tolkien, marubucin littafin almara The Lord of the Rings, a waƙarsu "Ramble On" tun 1969. Black Sabbath sun rera "The Wizard" a 1970. Uriah Heep sun fitar da faifan Demons and Wizards a 1972. Kafin a jefa ɗan lido na farko a wasan da aka buga, makaɗa sun yi shekara biyar suna waƙar matsafa da dodanni. Duk wanda ya ce maka wasan ne ya koya wa makaɗa wannan salo, lissafinsa bai fita ba. Abin da ya faru shi ne, a 1965 littafin Tolkien ya fito a Amurka da bango mai laushi da kuɗi kaɗan, ɗalibai suka yi masa rubdugu. A 1966 aka soma sake buga labaran mayaƙi Conan na Robert E. Howard da zanen Frank Frazetta a bango. Yaron da ya karanta waɗannan a ɗakinsa, wani ya girma ya ɗauki jita, wani ya ɗauki fensir da takarda. Gygax da kansa ya jera marubutan da suka yi masa tasiri a ƙarshen littafin jagoran wasa (wato na mai jan labari) na 1979, kuma sunayen da ke wurin su ne dai waɗanda makaɗan ke karantawa.

Mutane sun fi ambaton Tolkien, amma ni a ganina in ana neman mutum ɗaya da ya tsaya ƙafa ɗaya a kiɗa ƙafa ɗaya a wasa, Michael Moorcock ne. Gygax ya sha cewa tasirin Tolkien a kansa bai kai yadda ake zato ba, kuma a 1977 masu haƙƙin labaran Tolkien sun yi wa kamfaninsa TSR barazanar shari'a har sai da aka canza sunayen wasu halittu. Moorcock kuwa ɗan Landan ne, an haife shi a 1939, kuma a 1961 ya ƙirƙiro Elric. Elric sarki ne zabiya, marar lafiya, wanda ba ya iya tsayuwa sai da magunguna, har ya samu wani baƙin takobi mai suna Stormbringer. Takobin yana shanye ran duk wanda ya sara, ya ba Elric ƙarfi, amma yana da son ransa, kuma ɗaya bayan ɗaya ya cinye mutanen da Elric ya fi ƙauna. Ka dubi wannan gwarzo ka dubi rayuwar makaɗan rok na shekarun 1970, waɗanda abin da ke ɗaga su shi ne ke cin su, za ka gane dalilin da ya sa labarin ya shige su fiye da na gwarzo mai ƙoshin lafiya da tsarkin zuciya.

Moorcock bai tsaya a rubutu ba. Ya hau dandali tare da ƙungiyar Hawkwind, muryarsa tana cikin faifansu na 1975, Warrior on the Edge of Time, wanda shi ne na ƙarshe da Lemmy ya yi da su kafin ya kafa Motörhead. A 1985 Hawkwind suka yi faifai sukutum a kan labarin Elric. A Amurka ya rubuta wa Blue Öyster Cult baituka, ciki har da "Black Blade" ta 1980, wadda Elric ne ke magana a cikinta game da takobinsa. A ɓangaren wasa kuma, rabon halittu tsakanin Doka da Hargitsi da ke cikin dokokin 1974 daga wurinsa da Poul Anderson aka ɗauko shi. Tun a waɗannan dokoki akwai takubba masu hankali da son rai, waɗanda kan iya rinjayar mai riƙe da su. A 1981 kamfanin Chaosium ya fitar da wasa mai suna Stormbringer. Tambarin nan mai kibiya takwas da ke nuna kowace kusurwa, wanda wataƙila ka gani a rigar ƙaninka ko a littafinsa, Moorcock ne ya zana shi a matsayin alamar Hargitsi a labaransa. Ba shi da wani asali a tsohon addini ko bauta.

Masu zane su ne suka sa idonka ya kama abin. Zanen Frazetta na wani mahayi mai gatari a kan baƙin doki, wanda ya yi a 1973, shi ne bangon faifan farko na Molly Hatchet a 1978. Ken Kelly, wanda ya koyi aiki a hannun Frazetta, shi ya zana bangon Destroyer na Kiss da Rising na Rainbow, duka a 1976. Michael Whelan ya yi wa littattafan Elric bango, sai ƙungiyar Cirith Ungol ta Kalifoniya, wadda sunanta ma daga Tolkien yake, ta ɗauki zanen ta sa a faifanta na 1981. Ka tuna a lokacin babu intanet da za ka fara saurara kafin ka saya. Yaro zai shiga kanti da 'yan kuɗinsa, ya bi bango yana dubawa, ya ga takobi da hayaƙi da wani ƙato cikin sulke, ya san nan ne wurinsa. Bangon shi ne ke tallan, shi ke kuma gaya wa yaran da ba su san juna ba cewa tafiyarsu ɗaya.

Inda ruwan ya juya, wasa ya koma ciyar da kiɗa, sai a shekarun 1980, lokacin da yaran da suka tashi a kan teburin suka girma suka kafa ƙungiyoyi. Tunda ƙaninka a Ingila yake, wannan ɓangaren ya fi shafarsa. Kamfanin Games Workshop ya fara a Landan a 1975, shi ya riƙa shigo da Dungeons & Dragons ƙasar, ya soma mujallar White Dwarf a 1977, ya fitar da nasa wasan Warhammer a 1983, sannan ya tattara ya koma Nottingham. A Nuwamba 1987, duk wanda ya sayi fitowa ta 95 ta mujallar ya tarar da wani siririn faifan roba a ciki, mai lanƙwasuwa kamar takarda, wanda za ka cire ka ɗora a garmaho. Waƙar ƙungiyar Sabbat ce ta nan Nottingham, an rubuta ta a kan wani gunkin yaƙi na duniyar Warhammer. Mujallar dokokin wasa ce da tallan 'yan sojojin dalma, amma ga ta tana raba kiɗan metal, wato reshen rok mai nauyi da ƙara, don masu bugawa sun san wanda ke sayenta.

Makaɗan Bolt Thrower su suka kai abin ƙarshe. 'Yan Coventry ne, sun kafu a 1986, sunansu na wani makami ne mai harba manyan kibau a wasan Warhammer. Faifansu na 1989, Realm of Chaos, ya fito daga kamfanin Earache na Nottingham, kuma Games Workshop ne ya ba su zanen bangon, wanda shi ne zanen da ke kan littafin Warhammer 40,000 na 1987. Abin da ke burge ni da su shi ne ba su tsaya nan ba. Sun fara da yaƙin almara, suka ƙare suna waƙa a kan yaƙin gaske da ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya da waɗanda suka mutu a ciki, da nauyi da girmamawa. Wato sun koma can inda su Gygax suka taso, tarihin yaƙi. A Amurka ma haka: ƙungiyar Kyuss ta hamadar Kalifoniya ta samo sunanta daga wani dodo a littafin dodannin wasan na 1981, Weezer kuma a 1994 suka yi waƙar yaron da ke ɓuya a gareji da littafin jagoran wasa da ɗan lido mai fuska 12 da hotunan Kiss a bango. Jamus da Italiya suka ba da Blind Guardian da Rhapsody, masu jan labari ɗaya daga farkon faifai har ƙarshensa, su Rhapsody ma har faifai da yawa a jere.

Yanzu maganar tsafi, wadda na san ita ta fi damunka. Ba kai ka fara wannan tambaya ba, iyayen Amurka sun yi ta da ƙarfi shekara goma cur. A 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan, ɗan binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi hasashen wasan ne ya ja shi cikin ramukan ƙarƙashin makaranta, jaridu suka ɗauka. An same shi daga baya, kuma damuwar da ke cinsa ba ta da alaƙa da wasa, amma labarin ya riga ya tafi. A 1982 wata uwa a Virginia, Patricia Pulling, ta rasa ɗanta da ya kashe kansa. Ta ɗora laifin a kan wasan, ta kai ƙara kotu ta yi watsi da ita, ta kafa ƙungiyar BADD mai yaƙi da wasan a 1983. Ba na raina baƙin cikinta, duk wanda ya binne ɗa zai nemi dalili. Amma abin da ta riƙa koya wa 'yan sanda da iyaye ba shi da hujja. A 1985 shirin talabijin na 60 Minutes ya tattauna batun, a shekarar ce kuma, cikin watan Satumba, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna kan baitukan waƙoƙi bisa matsin ƙungiyar PMRC mai neman a sa wa faifai alamar gargaɗi ga iyaye, ta su Tipper Gore matar Sanata Al Gore, inda makaɗa Frank Zappa da Dee Snider da John Denver suka je suka kare mawaƙa. A 1990 aka gurfanar da makaɗan Judas Priest a Nevada kan zargin ɓoye saƙo a cikin waƙa, alƙali ya wanke su. A takardun gargaɗi da ake raba wa iyaye, alamomin yaro mai haɗari su ne baƙar riga da faifan metal da 'yan lido. TSR ya tsorata har ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugun wasan na 1989, daga baya ya sa musu wasu sunaye na ƙirƙira.

Wannan tsoro ya ci mutane da gaske. A 1993 aka kashe yara uku a West Memphis, jihar Arkansas, aka kama samari uku, masu gabatar da ƙara suka kawo baƙaƙen tufafinsu da kiɗan da suke ji a matsayin alamar bautar shaiɗan. Shekara 18 suka yi a kurkuku kafin a sake su a 2011. Saurayin nan mai jita kuma mai jan wasa a shirin talabijin na Stranger Things a 2022, wanda ya kaɗa waƙar Metallica ta 1986, daga labarin ɗaya daga cikinsu aka samo shi.

Ka karɓi littafin ƙaninka ka buɗe shafin sihiri da kanka. Abin da za ka gani shi ne misalin haka: ƙwallon wuta, nisa ƙafa 150, a jefa ɗan lido mai fuska shida guda takwas a haɗa lambobin. Babu surkulle, babu abin karantawa, babu abin yankawa ko binnewa. Lissafi ne da labari. Kiɗan kuwa ba zan yi masa shaida baki ɗaya ba, don ba iri ɗaya ba ne. Black Sabbath da sunansu ke firgita mutane, Geezer Butler da ya rubuta yawancin baitukansu ya tashi ne a gidan Katolika, kuma waƙoƙin gargaɗi ne da tsoron shaiɗan. Alamar yatsu biyu da Ronnie James Dio ya yaɗa, ya ce daga kakarsa 'yar Italiya ya koya, tana yi ne don kore mugun ido. Wasu irin su Venom sun ɗauki sunan shaiɗan don su girgiza jama'a su sayar da faifai. Wasu kaɗan kuma da gaske suke. Hukuncin kiɗa da na wasa da ɗan lido a addini, wannan fagen malamai ne, kuma yanzu kana da bayanin da za ka kai musu daidai yadda abin yake.

Akwai wata alaƙa da ta fi bangon faifai zurfi, wadda sai ka zauna a teburin ko ɗakin gwajin kiɗa kake ganinta. Dukansu aikin abokai ne huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, ba da jari mai yawa ba, kowa da aikinsa. Mai ganga yana riƙe lokaci yadda mai jan labari ke riƙe tafiya, in ya yi sauri kowa ya rikice, in ya yi sanyi kowa ya yi hamma. Akwai lokacin da za a ba mutum ɗaya fili ya nuna kansa, akwai lokacin da zai ja baya ya saurari ɗan'uwansa. Wanda bai iya sauraro ba yana ɓata ƙungiyar kiɗa yana kuma ɓata tebur, ko da ya fi kowa iyawa. Kuma dukansu sun zama mafaka ga yaron da ba ya ƙwallo, ba ya iya hira cikin taro. Na sha ganin saurayin da ba ya haɗa ido da mutane ya zauna a tebur, bayan 'yan makonni ya zama shi ke tsara wa sauran yadda za a tsallake kogi. Ɗalibi baƙo a ƙasar sanyi, mai neman inda zai zauna da mutane ba tare da giya ba, ba abin mamaki ba ne ya faɗa nan.

Masu jan wasa suna sa kiɗa a tebur, amma abin da na lura shi ne waƙa mai baituka ba ta zama, tana gasa da muryar mai magana. Shi ya sa wani salo da ya tsiro a Norwe a farkon shekarun 1990, na kiɗan madanni zalla ba murya, wanda Mortiis ya yi fice a kai, ya samu karɓuwa wurin 'yan wasa. A 2020 kuma wasu 'yan Suwidin biyu, Pelle Nilsson da Johan Nohr, suka fitar da wasan Mörk Borg, littafi mai launin rawaya da baƙi da aka tsara kamar bangon faifai, har da jerin makaɗan da suka saurara lokacin rubutawa.

In akwai abin da zan ce ka sa wa ido, ba ƙaho da wutsiya ba ne, wariyar launin fata ce. A Norwe ɗin nan, wasu 'yan salon black metal, wani reshen metal mai tsauri, sun ƙona majami'u a farkon shekarun 1990. Ɗaya daga cikinsu, Varg Vikernes, wanda ya ɗauko sunan Burzum daga Tolkien kuma ya tashi yana irin waɗannan wasanni, an yanke masa shekara 21 a 1994 kan kisan kai da ƙone-ƙone. Bayan ya fito ya rubuta nasa wasan a 2015, wanda ya cusa wa aƙidarsa ta fifita farar fata. Akwai ƙananan ƙungiyoyin kiɗa masu bin wannan hanya har yau, suna fakewa da labarin kakanni da takubba. Yawancin 'yan wasa da masu jin metal suna ƙyamarsu, kuma masu buga Dungeons & Dragons a 2020 sun ce za su gyara yadda ake siffanta wasu jinsunan halittu a matsayin miyagu tun daga haihuwa. Amma baƙar fata Musulmi da ke yawo a wannan duniya ya kamata ya san sunayen. Ka tambayi ƙaninka su wa yake ji, da su wa yake zama a teburin, awa nawa wasan ke ci masa a mako, da nawa yake kashewa, don 'yan sojojin Warhammer suna da tsada ƙwarai kuma zama ɗaya na wasa kan ci awa uku zuwa huɗu. In hutun bai ƙare ba, ka ce ya ja muku wasa ɗaya a gida, kai da wasu ƙannen, ka ɗauki mayaƙi don shi ya fi sauƙin dokoki ga sabon shiga.